Keken Ɗinkin Iya Azumi

Mu yaran gidanmu a Zongon Lome ba mu yi sa'ar tatsuniya ba. Yaran maƙwabta suna shan labarin kura da zomo. Mu kuwa da an idar da magariba, kakarmu Iya Azumi ta ɗora tukunyar wake a kan gawayi, sai ta ce, "Ku matso ku ji, tawa ba ƙarya a cikinta." Mun san abin da ke tafe, labarin wata mata ce da keken ɗinkinta. Mun kuma san ita ce matar, tunda keken yana ɗakinta, amma wa ya isa ya faɗa?

Matar nan, in ji Iya, ta sayi keke sabo fil a wani kanti a kasuwar Assigame, aka ba ta takardar garanti ta wata shida. Wata biyu kacal, sallah saura mako uku, atamfofin mutane jibge a ɗaki, keke ya cije. Ta ɗauko shi a ka ta mayar. Mai kanti ya ɗan leƙa cikinsa ya ce, "Mama, tsatsa ce, iskar teku ta ci shi. Garanti ba ruwansa da iskar teku."

Kullum a nan Iya take jefar da mafici. "Iskar teku! A Lome! To wace iska yake so keken ya shaƙa? Shi kantin nasa a Agadas yake?" Haushin sabo yake dawo mata, har wake ya kama ba ta ji ƙauri ba.

Mazan gidan matar suka ce ta haƙura. A zamanin nan na jam'iyya ɗaya ba mai son a gan shi a ofishin hukuma da ƙorafi, ko da a kan allura ne. Ita ma ba ta je ba. Wani malamin makaranta ta samu a unguwar Nyekonakpoe, ya karanta mata takardar sau uku ya fassara. Babu teku a ciki, babu iska. Ta sa ya yi ta maimaita mata layin da ya ce za a gyara ko a canza, har ta haddace shi da Faransanci.

Washegari ta shimfiɗa tabarma a gefen ƙofar kantin, ta ajiye keken a gabanta. Duk wanda zai shiga sai ta gaishe shi da kyau, ta ɗaga takardar, ta biya masa layin nan. "Ban zagi kowa ba," in ji Iya, ta manta cewa wata mata ce. "Gaisuwa kawai na yi." Mata 'yan ƙabilar Mina masu sayar da atamfa suka fara da dariya, daga baya suka kawo mata ruwa, suna nuna wa masu wucewa ita. Mai kanti ya aiko a kore ta, ta matsa taku biyu ta sake zama. Rana ta huɗu ya fito da kansa, yana huci, ya sa aka kai mata wani keken har gida. Ta gama ɗinkin mutane da asubar sallah.

Mu dai gundura muke yi, muna roƙon a ba mu na kura ko sau ɗaya.

Sai da na girma, na yi aure a unguwar Totsi, na sayi firji don sayar da ƙanƙara, ya mutu cikin wata uku. Na tafi kantin da na saye shi da ƙarfina, ina jin ni jikar Iya ce. Mai kanti bai yi musu ba. Takardata ya karɓa, ya nuna mini inda aka rubuta cewa in wutar lantarki ce ta ƙona shi, ba ruwansu. Na dawo gida ina jin haushin kaina fiye da nasa. Shekara da shekaru na ɗauka taurin kai Iya take koya mana. Ita da ba ta taɓa shiga aji ba, sai da ta san abin da ke hannunta kafin ta fita. Ni da na yi boko, a ranar na fara karanta tawa, a tsaye, ina bin yatsan mai kanti.