Namijin da Aka Duba da Na'urar Masu Ciki

Shekari ɗan kawuna ne, taubashina, saboda haka ina da izinin faɗin duk abin da na ga dama a kansa. Ma'aikaci ne a wata masaƙa a Kakuri, shekara goma sha ɗaya yana tsaye tsakanin injuna takwas. Daga gidansa a Nasarawa da ƙafa yake zuwa aiki, da saurin da har bas ke kauce masa. Wannan da idona na gani.

A daminar 1987 ƙafar hagu ta fara yi masa gardama. Takalmi ya riƙa zamewa bai sani ba. Kafin Kirsimeti sai ya dafa bango, bayan sabuwar shekara bangon ma ya gaji da shi. Baba Monday, babban gidansu, ya taso daga ƙauye ya ce sammu ne, a kai shi gida.

"Da ƙafata na fito ƙauyen nan," in ji Shekari. "Ba a mayar da ni a kwance."

Muka kai shi wani babban asibiti. Likita ya ce ƙari ne ya fito a jikin laka, igiyar nan ta cikin ƙashin baya. Hoto ya nuna yana nan, amma bai nuna daidai inda ya fara da inda ya ƙare ba, kuma in wuƙa ta kauce ko kaɗan, shi da tafiya sai a mafarki. Don haka in an buɗe bayan, zai aro na'urar ɗakin haihuwa, wadda ake goga wa mata a ciki a ga jariri a talabijin, ya leƙa kafin ya yanka.

Baba Monday ya miƙe.

"Likita, namiji ne fa. 'Ya'yansa huɗu."

"Na'urar ba ta san haka ba, Baba."

"A ji a gari an duba ɗan gidanmu da kayan masu ciki? Ban yarda ba."

Shekari, wanda ko juyi ba ya yi sai an juya shi, ya ɗago kai.

"Baba, bayan nawa ne. Ko zani za su ɗaura mini su kafa mini ɗankwali, su kafa. Likita, miƙo takardar in sa hannu."

Ranar aikin na ga na'urar ta wuce a kan keken turawa, ungozoma biyu na rakiya kamar amarya, suna jan kunne a dawo da ita da wuri, mata na layi. Daga baya likita ya ce sun cika wurin da suka buɗe da ruwan gishiri suka ɗora kan na'urar a kai, sai ga ƙarin can ƙasa da inda suka zata, tazarar faɗin ɗan yatsa. Ni na ce girmansa ya kai doya. Shekari ya ce gyaɗa. Shi yana barci lokacin, to wa za ku yarda da shi?

Kafin a sallame shi na gama baza labari cewa Shekari ya sauka lafiya. Matan coci suka riƙa aiko masa da kunun kanwa. Ya shanye, ya aika a ƙaro.

Wata biyar yana koyon taku a tsakar gida. Ranar komawa aiki na kawo keke in goya shi, ya ce in goya kakata. Muka yi awa biyu a hanya, ni ina tura keke ba kowa a kai.

A ƙofar masaƙa masu sayar da ƙosai suka tare shi.

"Mai jego, barka da arziki. Ina jaririn?"

"Na bar wa likita ya raina."

A ciki ogansu ya dubi ƙafar hagun, wadda har yau janta yake, ya ce an ajiye masa kujera a ɗakin ajiya, ya riƙa ƙirga bandir yana zaune.

"Oga, na zauna na shekara. Ba wa mai bukata."

"Inji takwas ba wasa ba ne, Shekari."

"To a ba ni shida. Biyun a ce wa mai riƙe da su aro ne."

Aka ba shi shida. Ya shige yana jan ƙafa, bai ko ce in gaida gida ba.