Modam na Uku a Motar Rabilu

Rabilu direba ne tsakanin Magariya da Guci, ɗan dillalin jakuna. Abu guda ya gada wurin mahaifinsa: ba a sayen jaki sai an ɗora masa kaya.

Da ya sa akwatin wifi a motarsa saboda fasinja, saura modam, na'urar da za ta jawo masa netwok. Mai kanti ya miƙo mafi tsada.

"Alhaji, ba ni uku in gwada a hanya," in ji Rabilu.

Na farko akwatin ya ƙi shi ƙememe. Na biyu ya ɗauke a kwarin da kowace waya ke yin shiru. Da na uku aka tsallake kwarin wata tsohuwa tana hira da jikanta na Agadas, maganar ba ta yanke ba.

Yau a tasha, sai motar Rabilu ta cika ake kallon wata.