Jinjina ga Abdulfatah, Mai Sabunta Ƙwaƙwalwar Kwamfuta a Kwararafa

Kullum da safe, kafin Malam Abdulfatah ya share shagonsa da ke Kwararafa a garin Jos, batirin inbata, wato na'urar ajiye wutar lantarki, yake fara dubawa. In bai cika ba, babu kwamfutar da zai taɓa, ko da mai ita zai yi birgima a ƙasa.

Aikinsa ba irin wanda ido ke gani ba ne. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, takan fito daga masana'anta da 'yan kurakurai. Wani kuskuren ya sa na'ura ta sandare, wani ya bar wa ɓarayin intanet kafa. Lokaci-lokaci maƙeranta sukan aiko da ɗan gyara da ake kira maikurokod. Abdulfatah ke nemo wanda ya dace da kowace na'ura, ya ɗura mata. In wuta ta katse ana tsaka da ɗurawa, kwamfuta ta iya zama gawa. In kuwa aiki ya yi kyau, mai ita ba ya ganin wani canji, shi ya sa ba a cika yi masa godiya ba.

Madam Chiazo, mai buga wa ɗalibai takardu a Farin Gada, shaida ce. Bayan rasuwar mijinta Franklin, kwamfutarsa ce ta riƙe gidan, sai ta fara mutuwa ana tsakiyar aiki. Ta rungumo ta zuwa shagon.

"Oga, ka taimake ni," in ji ta. "Shi ne kawai abin da maigida ya bari."

Ya zaunar da ita, ya hana kowa gilmawa kusa da wayar wuta, ya yi bismilla ya ɗura mata gyaran. Kwamfutar ta tashi, ta ci gaba da ciyar da marayu shekaru.

Bara ta dawo da ita, ya duba, sannan ya gaya mata gaskiya.

"Madam, waɗanda suka ƙera ta sun daina aiko mata gyara. Ki raba ta da intanet, ki bar ta da bugun takardu kawai."

Ta yi kuka a gabansa, shi kuwa ya kau da kai. Kai ne, Malam, ka ɗauki nauyin gaya wa talakan Jos wannan magana mai ɗaci, domin kusan duk kwamfutocinmu na gwanjo ne, masu su na asali sun yar da su tun kafin su iso mu. Da ka so, da ka danna nan ka danna can ka ce an gyara. Ba ka taɓa yi ba.

Sai ga ciwon karkarwa ya kama hannunsa. Ran nan yana ɗura gyara a kwamfutar Badung, wani malamin firamare, hannun ya fizge ya ture wayar wuta. Allo ya yi baƙi. Ya yi iya yinsa, ba ta farfaɗo ba.

"Ba komai, Malam, tsautsayi ne," in ji Badung.

"Tsautsayin da zai sake dawowa ne," Abdulfatah ya amsa, yana kallon yatsunsa.

Ƙarshen watan nan zai rufe shago, kuma babu magaji. Matasan da suka zo koyo duk sun koma gyaran wayar salula, sun ce aikinsa jira ne kawai da faɗuwar gaba.

Malam Abdulfatah, rumfa sha shirgi, mun gode. Mun makara da godiyar, ka yafe mana. Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka maka da alheri.

Ku kuma samarin Kwararafa da Nasarawa Gwom, hannunsa ne ya gaza, kansa da bakinsa lafiya lau suke. Wani a cikinku ya je ya zauna gabansa tun ƙofar tana buɗe.