Baba da Ramuwar Ɗigon Ido

Idon Baba na hagu ya daɗe da mutuwa, da na dama yake noma geronsa a Barkiya. Da fatar bayan wannan idon ta ɓalle, aka yi masa aiki, aka liƙe ta, aka cika idon da wani mai don ya danne ta. Likita ya gargaɗe mu cewa man da kumburin aiki kan toshe hanyar da ruwan ido ke fita, sai ruwan ya taru ya matse jijiyar gani. Ya ba da maganin ɗigawa, safe da rana da yamma.

Sati uku Baba ya yi wurina a Dutsin-Ma yana ƙorafin tuwonmu ba ya riƙe ciki. Azumi na kamawa ya tattara ya koma gida.

Kullum sai na buga waya. "Baba, ana ɗiga magani?"

"Ko ɗigo guda bai wuce ni ba."

Kuma bai yi ƙarya ba. Ashe ya ji ɗacin maganin na sauka maƙogwaro, ya yanke wa kansa hukunci cewa yana karya azumi. Sai ya bari a sha ruwa, ya jera na safe da na rana da na yamma ya rama su gaba ɗaya, kamar wanda barci ya ɗauke har sallah ta wuce shi.

Ran sha tara ga wata ƙanena ya kawo shi asibiti, kai na sara, yana amai, ido ya yi tauri kamar goruba.

"Alhaji, ɗigo ɗaya ido ke riƙewa," in ji likita. "Sauran gemunka ka shayar."

"Shi ya sa ya yi kyau," in ji Baba, yana shafa shi.

Na yi dariya, amma raina a ɓace yake, don ni ma ban taɓa tambayar yaushe yake ɗigawa ba. Aka ƙara masa ƙwayoyi, aka nuna masa ya riƙa danne gefen ido kusa da hanci don kada ɗacin ya sauka. Liman ma ya ce marar lafiya irinsa ya sha maganinsa ya rama azumi daga baya. Matsin ya sauka. Ganin gefe da matsin ya riga ya cinye masa kuwa, likita ya ce ba ya dawowa.

Ranar sallah, a filin idi na Kurfi kusa da Barkiya, na zauna a damansa, kafaɗata na gogar tasa. Sai na ji ya tambayi ƙanena da ke gabansa, "Shin yayanka bai samu zuwa ba bana?"