Awarar Kyoto da Yajin Damagaram

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 5 ga Rajab 1440, wato 12 ga Maris 2019, Allah Ya karɓi ran Malam Hamissou Talle a wani asibiti da ke unguwar Shumaisi a nan Riyad, bayan ciwon ƙoda ya daɗe yana cin sa a tsaye. Mutumin Damagaram ne, sana'arsa girki. Ni kuwa Jibrin Sadiƙ ne, direba, ɗan Gusau mazaunin unguwar Suwaidi a nan Riyad. Ba uwarmu ɗaya ba, ba ma ƙasarmu ɗaya ba, amma Yaya nake ce masa, kuma da wannan sunan zan kira shi a nan.

Yaya Hamissou, kai ne mutum na farko da ya ciyar da ni a ƙasar nan. Na sauka ban san kowa ba, iƙamata, wato takardar izinin zama, ba ta fito ba, kafilina, ubangidan da ya kawo ni, ya ajiye ni a wani ɗaki ya manta da ni. A masallaci ka gan ni, ka dubi idona, ka ce, "Kai, yaushe rabonka da tuwo?" Ba ka tambayi sunana ba sai da na wanke hannu. Haka ka yi wa mutane da yawa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, har da wasu da ba sa jin Hausa. Kai kuwa ba ruwanka, da Hausa kake yi wa kowa magana, Balarabe ne ko Bafilifine, wai ai ciki yana jin kowane yare.

Wannan halin naka ne ya jawo maka abin da muka shekara muna yi maka dariya a kansa. Kafilinka dattijo ne, ɗan kasuwar farin yadin nan na Japan da Larabawa ke ɗinka riga da shi. Yana da ciwon suga, ba ya yarda da girkin kowa sai naka, don haka duk shekara da kai yake tafiya, ku sauka a Kyoto, tsohon birnin sarakunansu. Tafiyar farko ka ce ka dafa masa nasa, kai kuwa dabino ka yi ta ci, don duk gidan abincin da ka leƙa tsoro yake ba ka. Da yunwa ta ishe ka, ka bi wani lungu a gindin tsaunin gabashin gari, kusa da wani babban ɗakin bautarsu mai ƙofar katako. Can ka ga wata tsohuwa tana tafasa wani farin abu a tukunyar ƙasa, ruwa ne kawai da ganyen teku. Ka matsa, ka shinshina, ka ce a ranka ashe awara ce. Ka zauna ka cinye kwano guda, ka tura mata kwanon ka ce, "Sake zubowa, Inna."

Tsohuwa ta sunkuya da ladabi, ta shiga ciki, ta fito da 'yar kwalbar tangaran mai ɗumi da ɗan kofi. A yarensu sake sunan giyar shinkafa ne. Ka ce da warin ya bugi hancinka ka miƙe har kujera ta faɗi, kana a'uziyya, ita kuma tana ta sunkuyo tana ba da haƙuri ba ta san laifinta ba. Sai washegari ka jawo tafintan kafilinka ya warware muku. Na sha gaya maka da "ƙara" ka ce kamar kowa, da duk wannan bai faru ba. Kai kuma ka ce da "ƙara" ka ce, da ba ka yi uwa a Kyoto ba. Inna Fumi kake kiranta. Tun daga ranar ta daina ba ka romon da suke tsoma awarar a ciki, don akwai giya a haɗinsa, sai gishiri da citta da albasa. Shekara ta zagayo ka kai mata yajin da matarka Sahadatou ta daka a Damagaram, ta zuba a kwalba ta ajiye maka a kan kantar shagonta.

Mun ɗauki labarin Kyoto abin hira ne kawai, sai ga shi ya shigo gidana. 'Yata Sumayya a nan aka haife ta, a nan ta gama sakandare da sakamakon da malamanta suka yi ta yabo. Amma duk wanda ya haihu a ƙasar nan ya san abin da ke biyo baya: ɗan baƙo ba ya samun jami'a cikin sauƙi, ta kuɗi kuma ba ta direba ba ce. Ta zauna a gida tana kallon bango. Ba da sanina ba ta nemi tallafin karatun haɗa magunguna, aka ɗauke ta, kuma a Kyoto. Na ce ba za ta je ba. Kowa ya san ni, in na kafe na kafe, kuma har gobe ban ga laifina ba. Uba ne ni. Me za ta ci a ƙasar da ake dafa miya da ƙashin alade, ake zuba giya a kifi kamar yadda muke zuba daddawa? Uwarta Muhibba ta yi kuka, Sumayya ta daina magana, wa'adin ba da amsa yana ta matsowa, ni ko a jikina.

Ba ka yi mini wa'azi ba, don ka san da ka yi da na ƙara kafewa. Ka ce mu zo ɗakinka na Shumaisi bayan sallar Juma'a, ni da ita da uwarta. Muka tarar ka gasa kifi biyu. Ɗaya fari ne, gishiri kawai. Ɗayan ka narka suga ka shafa masa har yana ɗaukar ido, tunda giya ba ta shigowa ƙasar nan balle ka nuna ta gaske. Ka ce da Sumayya, "'Yata, dubi nan. A can duk abin da kika ga yana wannan ƙyallin, akwai wata giya mai zaƙi a jikinsa, mirin sunanta. Ki wuce. Wanda bai da kyan gani shi ne naki."

Juma'a bayan Juma'a ka zaga da ita birnin nan tana zaune a kan tabarmarka. Ka gaya mata doguwar kasuwar nan mai rufi da ake kira Nishiki, inda za ta sami kifin gishiri da curin shinkafa, da yadda za ta nuna da yatsa ta yi tambaya kafin ta saya. Ka ce shagon taliya mai romo ko zama kada ta yi, sai ta ga shaidar halal da idonta. Lokacin sanyi ta nemi mai gasa dankalin Hausa a 'yar mota, wannan ba tambaya a kansa. Abin sha kuwa, ka kaɗa mata koren shayinsu, mai ɗaci kamar shuwaka, ka ce a gidajen shayi na tsohuwar unguwa ana ba da shi tare da ɗan alawar wake, ta fara cin alawar sannan ta kurɓa. Ni na kurɓa na tofar, ka ce dama ba don ni aka yi ba. Ka gaya mata akwai ɗan masallaci ba nisa da kogi, a kusa da shi akwai Musulmi masu sayar da naman yanka. Bakin kogin nan ma ka ce wurin cin abinci ne, amma ta yi hattara da shirwa, ta taɓa fauce maka abinci a hannu.

Ranar ƙarshe ka dube ni ka ce, "Jibrin, ranar da ka sauka a Riyad, uwarka ta san wanda zai ba ka tuwo?" Nan na sauko. Na ce ta tafi, amma da sharaɗi: in na ji tana kwana da yunwa, ko dole ta sa ta cin abin da Allah Ya hana, to ta tattaro kayanta ta dawo, karatu ya ƙare. Ka yi alkawarin kai za ka kai ta wurin Inna Fumi da kanka, don tafiyarku ta shekarar ta zo daidai. Sai Allah Ya kawo wa kafilinka shanyewar ɓarin jiki, tafiya ta rushe. Ba ka sake taka Japan ba. A filin jirgi ka ba ta ƙullin yaji, ka maimaita mata kwatancen lungun har ta haddace.

Ta sauka a watan Afrilu na 2016. Kwanakin farko muryarta a waya ba ta yi mini daɗi ba. Tsoro ya hana ta cin komai sai dabino, kamar yadda ya hana ka. Na fara tambayar kuɗin tikitin dawowa, na gaya mata kuma. Ina cikin mota a unguwar Malaz ina jiran matar kafilina ta fito daga kanti sai ga kiranta, tana kuka tana dariya, Larabci da Hausa duk sun cakuɗe mata. Ta sami lungun. Ta ce ta ajiye ƙullin yajin a gaban tsohuwar ta ambaci sunanka, tsohuwa ta dafe ƙirji, ta juya ta sauko da kwalbarka daga kan kanta, da sauran yaji a gindinta. Ta zaunar da ita ta zuba mata awara. Da ta cinye, sai Inna Fumi ta ɗaga ludayi, ta dube ta, ta ce, "Sake?" Na kifa kaina a kan sitiyari na yi kuka, ban ji kunyar masu wucewa ba. Ban ƙara yi mata maganar tikiti ba.

Yanzu tana shirin shiga shekara ta huɗu. Ta fi ka sanin garin, gidajen halal sun ƙaru, amma duk inda ta gano sai ta kira ka ta gaya maka, kai kuma ka ce ta duba ƙyalli dai. Ko a gadon asibiti, ranar da na zo da Muhibba, abin da ka tambaya shi ne ko yajin Inna Fumi bai ƙare ba.

Da labarin rasuwarka ya isa, Sumayya ta je ta gaya wa Inna Fumi. Tsohuwa ta tashi ta ɗauko ludayi. Daga nan ta zuba awara a kwano za ta ajiye maka a inda suke ajiye wa mamatansu. Sumayya ta yi mata bayani a hankali cewa mu rayayyu muke ciyarwa, ladan ya isa ga mamaci. Ta ce to. Ranar duk wanda ya shiga shagon ya ci bai biya ba, kuma duk wanda ya cinye sai ta ɗaga masa ludayi ta ce, "Sake?" 'Yan garinsu suna ta duban ludayin suna mamaki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Sahadatou, da 'ya'yanka Biba da Mamane, da 'yan uwa na Damagaram, da dukkan mu na Riyad da muka ci daga tukunyarka. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Hajiya, in kin fita takaba, a daka mana yaji, kwalbar ta kusa ƙarewa, ni zan aika.

Yaya Hamissou, na yi rashin ɗan uwa, kuma zuciyata tana ciwo. Allah Ya gafarta maka, Ya yi maka rahama, Ya haskaka kabarinka a wannan ƙasa da ka mutu baƙo a cikinta. Yadda ka tsare bakinka da bakin 'yata daga haram, Allah Ya tsare ka daga wuta. Ya ciyar da kai daga abincin Aljanna, inda in ka tura kwano ka ce a sake zubowa, za a gane abin da kake nufi. Amin.