Ƙafar Yaya a Kan Kuloci

Da mahaifinmu ya rasu, ya bar mana gonaki a bakin kanal da tsohuwar a-kori-kura guda ɗaya. Gonakin ba su ba da wahala ba, igiya aka ja aka auna, kowa ya san iyakarsa. Motar ce ta ƙi rabuwa. Sauran magada suka ce a ba su nasu a gona, mota kuwa ta zauna tsakanina da yayana, wanda muke ciki ɗaya. Shi ya ƙi sayar mini da rabinsa, ni kuma ko da wuƙa a wuya ba zan sayar masa da nawa ba. Sai aka yanko makulli na biyu, aka ce mako nasa, mako nawa.

Wanda bai san daɗin tsohuwar mota ba zai ce a kan gwangwani muke rigima. Ya yi ta faɗa. Ni a cikin motar nan na koyi tuƙi, na san kukanta in tana lafiya, na san kukanta in wani abu yana damunta. Muna da majalisa ta masu irin wannan ciwon, mu bakwai ko takwas, muna haɗuwa duk Juma'a bayan la'asar a ƙarƙashin darbejiyar da ke ƙofar gidan Baffa, a gefen hanyar Kura. Baffa ƙanen mahaifinmu ne, tsohon direban babbar mota, shi ne alƙalin wurin. Kowa ya zo da tsohuwarsa ya buɗe mata baki, a yi ta leƙe ana gardama ana yi wa juna tsiya. Mai sabuwar mota in ya tsaya gaisuwa, ba ma ko ɗaga kai sosai, sai dai a ce masa da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya haɗa ni da Yaya kuloci ne. Duk makon da ya dawo mini da motar, ina buɗe ƙofa wari zai tare ni, irin na ƙonannen gashi. Mutumin nan ɗora ƙafarsa yake yi a kan kuloci ya bar ta a can, bai taka ba bai saki ba, tun daga gona har kasuwa. A hanyar bakin kanal, inda ramuka suka fi hanyar yawa, haka yake jan ta da lodin tumatir, inji yana ihu, farantin kuloci yana cin wuta. A cikin rani biyu sau uku ina sauke akwatin giya don canza farantin nan. Wanda bai taɓa kwanciya a ƙasa da akwatin giya a kan ƙirjinsa ba, baƙin mai yana ɗiga masa a ido, ba zai san abin da nake ji ba.

Na yi masa magana da lalama, ya ce, "To, an ji." Na yi masa da zafi, ya ce, "Kai, tun kana yawo ba wando nake tuƙi." Kuma abin haushin gaskiya ya faɗa, da can ba haka yake tuƙi ba. Sai na ɗauka ganganci ne, yana so ya gajiyar da ni in bar masa motar. Ga shi a lokacin ya tsiri wani sabon salo: babbar riga kullum ko a gona, tafiya a hankali kamar mai sarauta, in an tashi daga majalisa sai kowa ya watse sannan ya miƙe. Na ce a raina girman kai ne ya kama shi da tsufa.

Karo na uku shi ya fasa tulun. Ya ɗauko kwandunan tumatir daga wajen Bunkure, motar ta tsaya masa a kan hawan wata kwalbati, inji yana juyawa, taya ba ta motsi. Rabin kwandunan nawa ne. Suka wuni a rana har suka fara zubar da ruwa. Da na iso, a gaban masu lodi na ce masa jaki ma ya fi shi sanin darajar abin hawa. Daga ranar muka shiga gaba, wata bakwai ba sallama. Ranar Juma'a mai mako ya ajiye motar a ƙofar Baffa ya tafi, ɗayan ya zo ya ɗauka. Liman ya yi mana wa'azi, 'yan'uwanmu mata suka yi kuka, duk a banza. Ni abu ɗaya nake so, a raba shi da makullin nan.

Da kulocin ya sake fara zamewa, birki kuma ya yi laushi, Baffa ya aika aka kira mu.

"Ku biyun nan kun ishe ni," ya ce. "Juma'a mai zuwa za ku gyara ta tare a gabana. In na ga wanda ke kashe ta, zan karɓe makullinsa. In kuma kuka kasa aiki tare, in kira masu sayen ƙarfe su yanka ta, kowa ya huta."

Ranar Alhamis na canza farantin ni kaɗai a ƙofar Baffa, na sa sababbin robobi. Abin da ya rage shi ne fitar da iska daga birki da kuloci, don irin motarmu duka biyun da mai suke aiki. Wannan kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum ɗaya yana zaune a ciki yana taka feda, ɗaya yana kwance a ƙasa da sufana a kan wani ɗan noti. Na ƙasa ya ce a taka, a taka sau da yawa. Ya ce a riƙe, na sama ya danne ya tsaya, na ƙasa ya kwance notin, iska da mai su fito, ya ɗaure. Sannan ya ce a saki. In na sama ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, iskar ta koma ciki, aiki ya dawo sabo.

Ranar Juma'ar majalisa ta cika fiye da kullum, har da waɗanda ba su da ko keke. Kallo suka zo. Yaya ya riga kowa zuwa, yana zaune a bayan sitiyari. Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi.

"Taka," na ce. Kalmar farko ke nan da na yi masa a wata bakwai, ko Yaya ban haɗa da ita ba.

Birki ya tafi sumul. Taya huɗu, taka, riƙe, saki, ƙafarsa ta dama daram kamar an kafa turmi. Har wani ya ce ashe gabar ma ta iya aiki, aka yi dariya. Sai muka koma kuloci, wanda ake takawa da hagu.

"Riƙe," na ce. Na kwance notin, kafin in ɗaure sai na ji iska ta zuƙe ta koma. Na sake. Haka. Sau biyar ana abu ɗaya, man da ke gwangwanina duk kumfa. Na tabbata da gayya yake yi, don Baffa ya ce ni ne ban iya aiki ba. Na ce masa ya riƙe, ni kuma maimakon in taɓa notin, na jawo jikina a hankali ta gefen ƙofarsa da ke buɗe, in kama shi yana sakin ƙafa.

Ba abin da na zata na gani ba. Ya sa hannunsa biyu a ƙarƙashin babbar rigar yana danna gwiwarsa ta hagu da duk ƙarfinsa, ƙafar tana karkarwa a kan feda, tana zamewa. Gumi ya jiƙa masa wuya. Da ta zame gaba ɗaya, sai ya kama wandon ya ɗaga ta ya mayar, kamar yadda ake ɗaga ƙullin kaya. Ƙafar nan ba ta jin maganarsa. Ba ya iya danne ta, ba ya iya ɗauke ta, inda ya ajiye ta nan take zama. Shekara biyu ke nan yana ɓoye wannan a cikin riga.

Ya sunkuyo, muka haɗa ido. Ba wanda ya gan mu, ƙofar ta kare. A hankali ya ce, "Koma ƙasa. Don Allah, ƙanena, koma ƙasa."

Na koma. Na kwanta ina kallon cikin motar, sufana a hannu. Ina da hanya mai sauƙi: in ce robar ce ba ta zauna ba, a bar aikin sai gobe, in same shi a gida mu yi magana mu biyu. Na san da wannan hanyar sarai, ba wai ba ta zo mini ba. Amma sai na tuna akwatin giya a ƙirjina sau huɗu, na tuna tumatir ɗina, na tuna yadda ya bar ni ina haushi kamar kare alhali kalma ɗaya ta isa. Ko ni ba ɗan'uwansa ba ne? Ya gwammace in zage shi da in tausaya masa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na fito na karkaɗe rigata.

"Baffa," na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "ba iska ce a motar nan ba. Ƙafarsa ce ta mutu. Ku ce ya sauko ya taka a gabanku ba tare da ya dafa komai ba."

Daga baya na sha gaya wa mutane cewa tsoron rayuka ne ya sa na faɗa, mutum da ƙafa ɗaya yana jan lodi da leburori a bakin ruwa. Hujja ce mai kyau, kowa ya karɓa. Amma ƙarya nake yi. A lokacin ban tuna ran kowa ba, so nake in ci.

Baffa ya taso ya leƙa, ya daɗe yana kallon ɗan yayansa.

"Ɗana, gaskiya ne?"

Yaya ya kama wandon a gaban kowa ya fito da ƙafar waje, ya dafa ƙofa ya miƙe. Ya zare makullinsa ya sa a tafin Baffa. Ko inda nake bai kalla ba.

"Baffa, a ba shi motar, na bar masa har rabina," ya ce. "Amma ku shaida, ku da kuke nan. Ranar da na mutu, kada ya taɓa makarata."

Aka yi ta salati, ana cewa ya janye, magana zarar bunu ce. Bai janye ba. Ya bi gefen hanya ya nufi gida yana jan ƙafar a fili, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Mutum uku suka ce za su kai shi a mota, ya ƙi.

Motar tawa ce yanzu, lafiyarta ƙalau. Yaya yana nan da ransa, da sanda yake tafiya, ɗan acaɓa ke kai shi gona. Na aika masa Baffa sau biyu, na je da kaina sau ɗaya, aka ce yana barci alhali ina jin tarinsa daga zaure. Har yau ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Amma duk sanda aka yi sanarwar rasuwa a lasifikar masallaci, sai in ajiye abin da ke hannuna, ba na iya numfashi sai na ji sunan.