Hannu Ba Baki Ba Ne

Da ban ce "na amsa" ba, shin da ya saki? Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce ajali ba ya jiran bakin kowa. Na yarda. Amma liman bai yi zaman aure da Malam ba.

Ku ɗalibansa da kuka ce a rubuto muku wani abu a kansa, ni ban san baƙi ba, ina faɗa ne ɗiyata tana rubutawa. Ku kun san shi cikin kaki, yana koya muku tuƙin jirgi mai saukar ungulu. Mutanen Tambuwal kuwa, Mai Ungulu suke ce masa. Ni sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ba kuma yau zan fara ba.

Malam ba ya miƙa wa mutum abu ya saki haka nan. Sai ya ce "na ba ka", ka ce "na amsa", ya ce "ka amsa", sannan yatsunsa su buɗe. Ko da allura ce.

Ina amarya, an kawo ni daga Kebbe, ya miƙo mini ƙwaryar fura ya ce, "Na ba ki." Amarya kuwa ba ta magana. Na sunkuyar da kai na kama ƙwarya. Na ja, ta ƙi tahowa. Muna nan riƙe da ita, shi gefe ni gefe, har gwaggonsa ta leƙo.

"Mi kuke yi haka, rabon gado?"

"Gwaggo, ba ta amsa ba."

"Ja'iri, ba ga hannunta nan ba?"

"Hannu ba baki ba ne."

Daga baya ya bayyana mini. Wai a jirgin nan sandar tuƙi biyu ce, ɗaya ta malami, ɗaya ta ɗalibi. Ba iska ke kada jirgi ba, in ji shi. Abin da ke kada shi, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ne ke riƙe. Na ce ai wannan fura ce. Ya ce ita ma zubewa take yi.

Da ya aje aiki muka dawo gida, ya ce noma zai yi. Ya tafi kasuwar Dogon Daji sayen san huɗa. Aka gama ciniki, dillali ya wurga masa igiya ya juya. Malam ya mai da hannuwansa baya. Igiya ta faɗi ƙasa. Sa ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya kama hanyar Jabo.

"Alhaji, sanka ya gudu!"

"Sanka dai. Ka ce ka ba ni?"

"Ai na jefa maka!"

"Jifa daban, bayarwa daban."

Sai bayan la'asar aka kamo shi cikin dawar wani bawan Allah. Dillali ya jawo shi har ƙofar zaurenmu, gumi na zuba, ya ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji: "Na ba ka, don girman Allah!"

Ga tsoron mashin. In za mu gaisuwa Kebbe, sai ya kewaye babur ɗin ɗan kabu-kabu, ya matsa taya, ya girgiza sarƙa, ya shinshina tanki. Wani ya gaji ya ce, "Baba, kai da ka hau sama kake tsoron wanga?"

"Duk zamana a sama," in ji Malam, "akuya ba ta taɓa gitta mini ba."

Abu ɗaya ne yake cewa mutanen garin nan sun iya, ɗaurin aure, don a nan ne kawai ake cewa "mun ba ku" a ce "mun amsa". Ran auren wannan da ke rubutu, wakilin ango ya amsa cikin gemu. Malam ya ce bai ji ba. Mutumin ya sake. Malam ya dubi liman ya ce, "Kai ka ji?" Liman ya ce shi ma bai ji ba, don ya san in ba haka ba, ba za a ci goron nan ba.

Ɗayanku da ya zo ta'aziyya, mai furfura a gefen kai, ya miƙo mini turmin atamfa ya ce, "Inna, na ba ki." Ya riƙe yana jira. Ka yafe mini, ɗana, da na tashi na shige ɗaki. Ba raini ba ne. Kalmar ce ta ƙi fita, kuma har yau ba ta sake fita ba.

Ga dalili. Ciwo ya kwantar da shi tun damina. Ranar da zai cika, da hantsi, numfashi na yi masa wuya, ya kama hannuna ya ce, "Na ba ki."

Na duba, babu komai a hannunsa. "Mi ka ba ni, Malam?"

"Gida. Ɗiya. Da san nan, in ya yarda."

Na gane. Na sunkuyar da kai na yi shiru, kamar ran ƙwaryar fura. Na ce a raina, mutumin da bai taɓa sakin allura ba sai an amsa, ba zai saki wannan ba. Aka yi azahar yana riƙe. Ƙirjinsa na hawa yana sauka, idonsa na kaina, bai yi ƙorafi ba. Yana jira ne kawai, yadda yake jiranku. Da na ga wahalar ta yi yawa, na buɗe baki na faɗa.

Allah ya jiƙanka, Malam. Ya yalwata maka kabarinka, ya amshe ka da hannun da ba ya saki. Kalmar shahada ta biyo baya, amma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Nawa rabon, kafin yatsunsa su buɗe, shi ne:

"Yawwa, amarya. Kin amsa."